Darasi na Tara: Kuɗi a Cikin Waya

Ranar Alhamis ce, Kasuwar Dole ta cika ta batse. Wani dattijo daga wajen Mirya ya sayar da raguna biyu, ya cusa kuɗin a aljihun ƴar ciki, hannunsa bai sake barin ƙirjinsa ba har tasha. Ɗansa ya ce, "Baba, da mun zuba su a waya, ai da ka huta." Tsohon ya ce, "Kuɗin da ban ji nauyinsu ba, yaya zan san suna nan?"

Tambayarsa tana kan hanya. Kuɗin ba a cikin wayar suke ba. Suna cikin asusu mai ɗauke da sunanka da lambarka. BCEAO, babban bankin ƙasashe 8 masu cin sefa a Afirka ta Yamma, wanda ke da reshe a nan Damagaram, ya kafa ƙa'ida a 2015: kamfanin da ke fitar da kuɗin waya sai ya ajiye daidai adadinsu a banki. Don haka in wayarka ta faɗa rijiya, kuɗinka ba su bi ta ba. Ka je da katin shaidarka a sabunta maka layi.

Nisa ne ya fara jawo mutane. Da, ɗan cirani a Agadas ko Yamai sai ya nemi direba ya ba shi saƙo, uwa kuma ta yi ta zaman jira. Yau kafin ta idar da sallah saƙo ya shigo. Sai kuma wahalar canji, da sayen kati, da biyan kuɗin wutar NIGELEC ba tare da bin layi a rana ba. A Kenya, hidimar kuɗin waya ta M-Pesa ta fara tun 2007. Maƙwabtanmu na Najeriya kuwa ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ne ya tura da yawansu ga kuɗin waya, kuma fatakenmu masu zuwa Kano sun gani da idonsu.

Amma sauƙi kaɗai ba ya sa mutum ya saki guminsa. Yawanci sai ya ga wani nasa ya gwada bai yi kuka ba. Kamfanonin aike irin su Nita da Amana sun samu shiga ne don akwai ƙofar da za ka shiga, da mutumin da za ka kalla, da takardar da za ka riƙe. Haka Airtel Money da Moov Money: mai kanti na unguwa, wanda aka san gidan ubansa, shi ne fuskarsu. A ganina gara ka fara da kaɗan. Zuba jika guda, kwana biyu ka cire, ka ga nawa aka yanke.

Ɓarawon aljihu sai ya matso kusa da kai. Na waya kira yake yi. Zai gaishe ka da ladabi, ya ce daga kamfani yake, ko ka ci kyauta, ko ya yi kuskure ya turo maka kuɗi, don Allah ka mayar. Kada ka yi gaggawa. Duba abin da ke asusunka tukuna. Lambar sirri kuwa ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarta. Kada ka sa shekarar haihuwarka, kada ka sa 1234, kada ka rubuta ta a bayan waya.

Ga inda karatunmu ya shigo. Wanda bai iya karanta saƙo ba dole ya miƙa wa wani wayarsa, sau da yawa har da lambar sirrin. Kuma mu da dala muke lissafi, waya kuwa da faran take rubutu. Dala guda faran 5 ce. In ka ga 500 F, dala ɗari ke nan. 1000 F jika guda. Sifiri ɗaya ne ya raba 5000 da 50000, jika biyar da jika hamsin, saboda haka ƙirga sifirin da yatsa kafin ka danna.

Aikin aji: Rubuta 250 F, 2500 F da 25000 F a allo, ka faɗi kowanne yadda ake faɗa a kasuwa. Sannan ku zauna bibbiyu, ɗaya ya zama mai kiran da ke neman lambar sirri, ɗaya ya ba shi amsa.