Mota ta tashi amma ba ta ja: yadda za ka gano inda matsalar take

Kafin ka sayi komai, ka lura da abu guda: nauyin da motar ke yi yana gushewa idan inji ya ɗauki zafi, ko yana nan ko da ta yi tafiyar rabin awa? Amsar nan ita ke raba matsalar gida biyu.

Ɗan nauyi na minti ɗaya ko biyu da sassafe, musamman lokacin hunturu, ba laifi ba ne. Baƙin mai da man giya sun yi kauri, ƙwaƙwalwar mota kuma tana ƙara fetur don inji ya yi saurin ɗumi, shi ya sa allurar sulo ke kaiwa wajen 1,200 zuwa 1,500 sannan ta sauko kusan 700. Ka ba ta sakan 30 zuwa 60, ka tafi a hankali. Amma idan ka taka totur ta yi kamar za ta mutu, ko ta yi jim kafin ta amsa, da sauran magana.

Idan da sanyi kawai take yi, fara da sansan zafin ruwa. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa zafin inji, ita kuma ta auna fetur a kan abin da ya faɗa. In ya yi ƙarya ya ce inji da zafi alhali da sanyi, fetur zai yi kaɗan, motar ta riƙa shaƙewa. Gwajinsa ba wuya: da safe, kafin a tayar da ita, a jona sikana a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari. Zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga su zo kusan ɗaya, tunda motar ta kwana a waje guda. In ɗaya ya nuna 25 ɗayan 70, an kama ɓarawo. Da mitar masu gyaran wayarin ma ana aunawa: a yawancin Toyota sansan na ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ya sauko 200 zuwa 400 a digiri 80. A duba soket ɗinsa tukuna, don sau da yawa tsatsa ce ko waya ta karye.

Daga nan sai tamostat, abin da ke tare ruwa kada ya je lagireto sai inji ya yi zafi. Bakanikai da dama na cire shi, wai ƙasarmu akwai zafi. Kuskure ne. Ba tare da shi ba ruwa zai yi ta zagaya lagireto tun inji na sanyi, injin ya daɗe bai kai digiri 80 zuwa 90 da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba. Sakamakon shi ne shan mai da nauyin tafiya, wani lokaci sikana ta nuna lambar matsala P0128. A mayar da shi.

Fulogi da koyil ma sun fi nuna rauninsu da sanyi. Inji zai riƙa karkarwa, sikana ta nuna P0300, ko P0301 zuwa P0304 gwargwadon silindar da ke fashi. Dabarar ita ce a musanya koyil ɗin silindar da ta wata: in lambar ta bi koyil, shi ne, in ta tsaya, a ciro fulogi. Baƙin toka a bakinsa na nuna fetur ya yi yawa, jiƙewa da baƙin mai kuwa alamar roban murfin inji na yoyo ne ko matsala ta ciki.

In kuwa nauyin bai san sanyi ko zafi ba, to ko iska ce ba ta isa, ko fetur, ko hayaƙi ne ba ya samun fita. Matatar iska ce mafi araha, kuma ƙurar hunturu kan toshe ta tun kafin lokacinta. Ɗaga ta sama ka duba rana; in haske bai ratsa ba, canza ta. Bayanta akwai sansan MAF mai siririyar waya, wanda ke auna iskar da ke shiga inji. A fesa masa maganin wankinsa na musamman, a bar shi ya bushe, kada a taɓa wayar da tsumma ko hannu. Bututun roba da ke tsakaninsa da bakin totur, a lanƙwasa shi a duba ƙarƙashi, nan yake tsagewa ya riƙa satar iska, ya kawo P0171. Bakin totur in ya yi baƙi a wanke, sai dai wasu motocin, irin su Nissan, suna buƙatar a sake saita sulo bayan wankin.

Famfon fetur shi ya fi shan zargi ba da hakkinsa ba. Kada a canza shi sai an ɗora gejin da ke auna ƙarfin turo fetur. A Corolla da Camry na shekarun 2000 ana son 44 zuwa 50 psi, kuma kada ya faɗi idan an taka totur. In ya gaza, a duba rariyar famfon, don ita ke fara toshewa da dattin mai. Yawo da tanki kusan wayam yana ƙona famfo, tunda fetur ɗin ne ke sanyaya shi.

Abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, wanda bakanikai ke kira indomi, in ya toshe motar za ta tashi lafiya, ta yi sulo lafiya, amma ta ƙi gudu, hawan tudu kuma ya zama aiki. A kwance sansan iskar oksijin na gaba, a ɗan zagaya da ita. In ƙarfi ya dawo, shi ne. Sai an gyara fashin wutar da ya narkar da shi kafin a sa wani, in ba haka ba sabon ma haka zai ƙare.

Wani lokaci kuma inji ba ruwansa. In allura na hawa, ƙara na ƙaruwa, mota ba ta gaba, giya ke zamewa. A otomatik a duba man giya da inji a kunne, ko bisa yadda littafin motar ya ce: ja mai haske lafiya lau, baƙi mai warin ƙuna ya mutu. A zuba irin wanda kamfani ya rubuta, T-IV ko WS ga Toyota, DW-1 ga Honda, ba kowane jan mai ba. Sannan bayan 'yar tafiya a kai hannu kusa da kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ne ke kamawa.