Darasi na Tara: Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfutar Wasa da Tace Bidiyo

A darasin da ya gabata mun kwance akwatin kwamfuta, mun kira kowane abu da ke ciki da sunansa. Yau kuma zaɓe za mu koya: yadda mutum zai tsinto kayan nan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa kwamfutar da za ta ɗauki wasannin zamani, ta kuma tace bidiyo ba tare da tana tsayawa tana haki ba.

Kafin ku taɓa aljihu, ku ɗauko takarda da biro ku amsa tambaya ɗaya: a kan wane irin allo zan yi kallo? Ga dalili. Hoton da ke kan allo ɗige-ɗige ne ƙanana da ake kira fiksel. Allon 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato miliyan 2 da ɗan ɗoriya. Na 4K kuwa 3840 ne da 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. A wasa, sai kwamfuta ta sake zana wannan hoton kamar sau 60 a kowace daƙiƙa kafin ido ya ga motsi sumul. Amsar da kuka rubuta ita ce za ta ja ragamar duk sauran sayayyar.

Katin hoto

Wannan kati shi ne mai zanen, shi ya sa yake lashe kaso mafi tsoka na kuɗin haɗin. Kamfanoni uku ke ƙera ƙwaƙwalwarsa: Nvidia mai GeForce, AMD mai Radeon, sai Intel da ya fito da katunan Arc a 2022. Kowane kati yana da tasa ma'ajiyar da ake aunawa da gigabait. Gigabait 8 na iya riƙe wasa a allon 1080p, amma mai tace bidiyon 4K ya nemi 12 ko 16, musamman idan da manhajar DaVinci Resolve zai yi aiki, don ita kan kati take jibge yawancin nauyinta. Ku kuma rubuta tsawon katin da santimita. Za mu dawo kan wannan.

Firosesa da babban allo

A nan sababbin hannu suka fi yin asara, don haka mu ɗan zauna. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma tana zama ne a wani gurbi da ke kan babban allo, wanda masu sana'ar ke kira madabod. Gurbin nan sunansa soket, kuma kowace firosesa da nata. Ta Intel ba ta shiga gurbin AMD. Kai, ko a gida ɗaya ma akwai bambanci: AMD ya fito da gurbin AM4 a 2016, ya biyo da AM5 a 2022, kuma firosesar ɗaya ba ta hawa ɗayan. Intel yana da LGA1700 tun 2021, sannan LGA1851 a 2024. Sunan gurbin yana rubuce a jikin kwalin firosesa da na madabod. Idan rubutun biyu bai zo ɗaya ba harafi da harafi, ku ajiye.

Ku leƙa cikin gurbin LGA1700 da idonku. Za ku ga 'yan allurai masu ruwan zinariya, sirara kamar gashi, guda 1700 a jere. Yatsa ɗaya ya goge su, sun lanƙwashe, madabod ya tashi aiki. Ana ɗora firosesa ne a hankali, a daidaita ɗan alamar kusurwa uku da ke gefenta da wanda ke jikin gurbin, a bar ta ta zauna da kanta. In har sai an danna ta da ƙarfi, to ba daidai aka sa ta ba.

Cikin firosesa akwai ma'aikata da ake kira kor. Guda 6 sun ishi yawancin wasanni. Tace bidiyo kuwa aikin taron dangi ne, yana son hannu da yawa, 8 zuwa sama, in ba haka ba sai mutum ya yi ta gyangyaɗi yana jiran bidiyon minti goma ya fito.

Ram

Ram teburin aiki ne: duk abin da kuka buɗe, a kansa ake baje shi. Gigabait 16 don wasa, 32 don tace bidiyo. Iri biyu ke yawo yanzu, DDR4 da DDR5. Dukansu haƙora 288 gare su, amma ɗan tsagin da ke ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba, da gangan aka yi haka don kada a cusa wani a ramin wani. Madabod na AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa. Kuma sanda biyu masu 16 sun fi sanda ɗaya mai 32 sauri, saboda hanya biyu bayanai za su riƙa bi.

Wajen ajiya babu dogon zance. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait ɗari da 'yan kai a daƙiƙa, SSD, wato ma'ajiyar zamani da ba ta juyawa, irin na SATA kusan 550, irin na NVMe kuwa dubbai. Ku sa manhajoji da aikin da kuke kai a NVMe, tsohon faifai ya zama rumbun bidiyon da aka gama.

Akwatin wuta

Ni a ganina, wanda ya tsuke hannu a nan ya cuci kansa. Mutum ya zuba kuɗi a kati, ya zo kan akwatin wuta, wato fawa safilai, ya ɗauki wanda ko suna babu a jikinsa. Araha ba ta ado. Wannan akwati shi ke raba wa kowa wuta, kuma mara kyau idan zai mutu, wani lokaci ba ya tafiya shi kaɗai. Ku yi lissafi: a ce kati yana shan wat 220, firosesa 120, sauran kaya 80. Jimla 420. Ku sayi mai 650, don kati yakan fizgi wuta farat ɗaya a tsakiyar wasa. Ku duba tambarin 80 Plus a jikinsa, mai nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha tana isa ga kayan, ba ta tashi a zafi ba.

Sai gidan da kowa zai zauna. Babban madabod da ake kira ATX santimita 30.5 ne da 24.4, ƙaramin Mini-ITX kuwa 17 da 17. Ku dawo ga tsawon katin da kuka rubuta, ku gwada da abin da akwatin kwamfutar zai ɗauka, haka ma tsayin fankar firosesa. Da na ambaci fanka na tuna haɗina na farko. Na gama komai ina ta murna, na kunna, minti kaɗan kwamfuta ta ɗauke ɗif. Na kunna, ta sake ɗaukewa. Sai washegari na kwance fankar na tarar da 'yar ledar da ke manne a ƙasanta ban ɓare ba, zafi ya rasa hanyar fita.

Aikin yi

Ku ja layi bakwai a takarda, kowane kaya da layinsa. A gaban firosesa da madabod ku rubuta sunan gurbi. A gaban ram da madabod ku rubuta DDR4 ko DDR5. Sannan ku warware wannan: kati mai shan wat 300, firosesa 150, sauran kaya 80. Nawa ne jimla, kuma tsakanin akwatin wuta mai 550 da mai 750, wanne za ku ɗauka? Ku zo da takardar a zama na gaba.