Yadda ake ganin ƙwayoyin halitta a tantanin albasa

Duk shekara idan WAEC da NECO suka gabato, ɗakin gwajinmu a nan Katsina yakan cika da 'yan ajin ƙarshe, kowa ya manna ido a maikiroskof, na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ba a minti biyar sai ka ji wani ya ce, "Malam, ni fa duhu kawai nake gani." Daga nan a ɗora wa na'ura laifi, a ce ta tsufa. Ta tsufa kam, amma in ka zaro silaid ɗin yaron, wato ɗan gilashin da ake ɗora abin dubawa a kai, sai ka tarar ya yanko albasa mai kauri kamar zai zuba a kan tsire. Haske ta ƙasa yake shigowa, dole ya ratsa abin da ka ɗora kafin ya iso idonka. Abin da haske bai ratsa ba, ba ka ganinsa.

Kayan aikin ba su da yawa: albasa ɗaya, wadda ta ishi aji guda, silaid, siririn murfin gilashi, hantsaki, reza, tsinke, tishu, ruwa da aidin. In babu aidin na ɗakin gwaji, na kemis da ake shafa wa ciwo ma yana yi, amma a tsarma shi da ruwa sai ya koma kalar shayi marar kauri.

Ka fara ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a tsakiyar silaid tun kafin ka taɓa albasar. Wannan doka ce a ajina, domin tantanin albasa ba ya jira, musamman da hunturu, yana barin jikin albasar zai fara naɗewa yana bushewa. Sai ka raba albasar, ka ciro sala ɗaya mai nama. Ba busasshen ɓawon waje ake so ba. Dubi cikin salar, wajen da ya lotsa kamar cokali: akwai wani tantani mai sheƙi kamar farar leda. Ka tsaga ɗan murabba'i a kansa da reza, wanda bai wuce rabin santimita ba, ka kama gefensa da hantsaki ka ɗago a hankali. In ka ɗaga shi sama ba ka hango haske ta cikinsa ba, nama ya biyo shi, jefar ka sake. Kwantar da shi a kan ruwan, ka warware shi da tsinke. Inda ya ninku, ƙwayoyin za su hau kan juna, ba za ka iya rabe ko ɗaya ba. Sannan ɗigon aidin ɗaya, ka ba shi minti biyu.

To, ga inda na fi shan wahala da ɗalibai, ni ma a nan na sha kunya ina ɗalibi. Na zana wasu kyawawan da'irori masu baƙin gefe, na kai wa malaminmu ina murna, ya duba ya ce, "Ɗana, iska ka zana." Kumfar iska ce da ta maƙale a ƙarƙashin murfi. Tana fitowa a kewaye tas, gefenta baƙi ƙirin mai kauri, tsakiyarta fari fat, kuma ta fi komai ɗaukar ido, shi ya sa sabon shiga yake ɗauka ita ce ƙwayar halitta. Ƙwayoyin albasa dogaye ne, jere suke kamar bulon da magini ya ɗora, kowace ba ta kai rabin milimita ba.

Abin da ke jawo kumfar shi ne sakin murfin a kwance daga sama. Ka riƙe shi ta gefuna, ka dasa baki ɗaya a gefen ɗigon ruwan, ya jingina kamar tsani, ka jira ruwan ya bi bakin gilashin. Sai ka tallafe ɗaya bakin da tsinke, ka riƙa sauke shi sannu sannu, ruwan yana kora iskar gaba har ta fice. In 'yar kumfa ta rage, ƙwanƙwasa murfin kaɗan da gindin fensir. Kada ka danna da yatsa. Murfin nan kamar ɓawon ƙwai yake, kuma ba kowane shagon kayan makaranta ake samunsa ba. Ruwan da ya malalo a tsane shi da tishu daga gefe.

Wajen dubawa, a cikin gilasan na'urar da ke fuskantar silaid, da ƙaramin ake farawa, mai lamba 4. Na ido yawanci 10 ne, ka ninka su, girma sau 40 ke nan. Mai lamba 10 ya ba ka 100, mai lamba 40 ya ba ka 400. Ka dubi na'urar daga gefe lokacin da kake kusanto da gilashin ga silaid, sannan ka sa ido ka murɗa yana nisanta har hoto ya fito. In ka kai kan 40, ƙaramin abin murɗawa kaɗai za ka taɓa, babban shi ke fasa silaid. In babu wuta, na'ura mai madubi ta fi daɗin sha'ani, a juya madubin wajen taga, amma kada a tari rana kai tsaye, tana lalata ido. Ƙurar hunturu kuma ba da bakin riga ko gefen hijabi ake goge ta daga gilashi ba, akwai takardarta ta musamman.

Abin da zai fara bayyana shi ne bangon ƙwayoyin. Shi ne Robert Hooke ya gani a Ingila ya bayyana a 1665, a ɓawon wani itace, ɗakuna ne kawai babu kowa ciki domin ƙwayoyin sun mutu. Naka daga albasa mai rai suka fito, kuma aidin zai fito maka da cibiyar kowace ƙwaya, ɗan ɗigo ruwan ƙasa, galibi a raɓe da bango saboda jakar ruwan da ta cika tsakiya ta ture ta. Kada ka zana koren ɗigon nan na kuloroflas, mai haɗa wa tsiro abinci da hasken rana, don ka gan shi a littafi. Kan albasa rumbun ajiyar abinci ne, ba ya aiki da hasken rana, ganyen lawashi ke da su. Zane da fensir mai tsini, babu inuwa, ƙwaya uku ko huɗu sun isa, a rubuta yawan girman a ƙasa.

In lokaci ya rage, ka kankaro cikin kumatunka a hankali da auduga mai tsabta, ka shafa a silaid, ka ɗiga shuɗin rinin da ake kira metilin bulu: ƙwayoyin ba su da bango, shi ya sa ba su da tsayayyen fasali. Audugar da silaid ɗin a tsoma su a ruwan bilic bayan an gama. Mai son ganin ƙananan halittu suna hayayyafa kuwa, ya sayi yis na masu burodi, ya zuba ɗan kaɗan a ruwa mai ɗumi da cokalin sukari, ya bar shi kamar awa ɗaya. Ɗigo ɗaya a tsarma shi sosai, a duba a sau 400, a nemi masu ɗan ƙullutu a gefe, su ne ke tsirar da sabuwar ƙwaya.