Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa fankar saman silin mai bututu, da yadda ake gyara su

Aikin wannan fanka ɗaya ne: ta zuƙo iska mai sanyi daga waje ta tagogi, ta ratsa da ita cikin ɗakuna, ta tura ta sararin da ke tsakanin silin da rufi, daga nan ta fice waje. Injin ba ya zama a kan silin. Ana rataye shi a jikin katakon rufi, sai bututu mai lanƙwasuwa ya haɗa shi da akwatin marfi da ke kan silin, wato akwatin da marafansa ke buɗewa idan fanka na aiki su rufe idan ta tsaya, shi ya sa ƙararsa ba ta damun mutane. Yawancin waɗanda suka haɗa da kansu suka ce ba ta da amfani, ba fankar ce ta gaza ba. Hanyar shiga ko hanyar fitar iska ce ba ta isa ba.

Sayen fanka kafin a auna mafitar iska

Wannan shi ne babban kuskure, kuma shi ya fi wuyar ganewa domin fanka tana juyawa lafiya lau. Ana auna ƙarfinta da CFM, wato yawan ƙafa kubik na iskar da take turawa a minti ɗaya. Lissafin da aka saba shi ne CFM 2 zuwa 3 ga kowace murabba'in ƙafa ta gidan, saboda haka gida mai murabba'in mita 140, kimanin murabba'in ƙafa 1,500, zai buƙaci CFM 3,000 zuwa 4,500. Duk iskar nan dole ta sami inda za ta fita daga saman silin, ta ramukan mafita da ke jikin rufi. Kowane CFM 750 yana son mafita mai faɗin murabba'in ƙafa 1, ke nan fankar CFM 4,500 tana son murabba'in ƙafa 6, rabin murabba'in mita da ɗoriya.

Inda ake tafka kuskuren shi ne a auna bakin ramin da tef a ce ya isa. Ragar hana ƙwari da fikafikan kare ruwan sama suna iya cinye rabin faɗin. Abin da za ka lissafa shi ne faɗin da iska ke wucewa da gaske, wanda masu ƙera mafitar kan rubuta a jikinta. Duba kuma mafitun da ke ƙarƙashin bakin rufi, domin fenti ko audugar hana zafi kan toshe su. Idan mafita ta yi kaɗan, iska tana cushewa a saman silin, injin ya wahala, sannan zafi da ƙura su dawo cikin gida ta ramukan fitilu da ƙofar hawa silin. Gyaran shi ne ka ƙara mafita, ko ka koma ƙaramar fanka. Idan kuwa rufin irin wanda aka liƙe ruf da kumfar hana zafi ne, babu mafita ko ɗaya, wannan fanka ba ta dace da gidan ba.

Yanka silin daga ƙasa ba tare da an hau an duba ba

Zaɓi tsakiyar gida, galibi farfajiyar da ɗakuna suka buɗe a cikinta, a bene na sama. Kauce wa kicin da gareji da kusa da hitar gas. Huda ƙaramin rami da dirila, ka soka waya, ka hau ka ga inda ta ɓullo, ka tabbatar babu wayar lantarki ko bututun ruwa a wurin. Katakan silin galibi tazarar inci 16 ko 24 ce tsakaninsu, kuma an ƙera akwatin marfin ya zauna a tsakani. Kada ka yanke katako don akwati ya shiga, musamman a rufin da aka haɗa katakansa tun daga masana'anta, inda kowane guntu yake ɗauke da nauyi. Sauya wuri ya fi.

A sama, katako kaɗai ake takawa, kuma da safe ake hawa, don zafin wurin kan kai digiri 60 na ma'aunin Celsius da rana. Idan ka tarar da abin hana zafi mai kama da ƙananan tsakuwa masu ƙyalli a tsohon gida, kada ka taɓa shi sai an gwada, yana iya ƙunsar asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke cutar da huhu.

Bututu a lanƙwashe, inji a jingine

Bututun da ya saki ciki ko ya karye a kwana yana rage iska sosai, kuma yana kawo gurnani. Miƙe shi, kwanar ta zama mai faɗi, kada ka ƙara masa tsawo fiye da yadda ya zo. Rataye injin da igiyoyi ko sarƙar da aka haɗo da shi, kada jikinsa ya taɓa katako, in ba haka ba girgizarsa za ta bi katako ta sauko har ɗakin kwana. Bakinsa ya fuskanci fili, ba bango ko rufi kusa-kusa ba, kuma ba ƙasa ba, don zai watsa audugar hana zafi idan sakakkiya ce.

Mahaɗar bututu a ɗaure ta da zobe, a liƙe da tef na alminiyom. Tef ɗin yadi yana bushewa ya saki a cikin zafi. Akwatin marfin ya zauna daidai, ba a karkace ba, domin yawancin marafan nauyinsu ne ke rufe su. Idan ya karkace, ɗaya zai tsaya a buɗe, zafi ya riƙa sauka da rani, ɗumi ya riƙa ficewa da hunturu. Toshe kewayensa da abin liƙi.

Wayarin

Kashe wutar layin daga babban allo, ka gwada da testa kafin ka taɓa waya. Duk haɗin waya ya kasance cikin akwati mai murfi, a haɗa wayar ƙasa. Makunnin rage hasken fitila ba na inji ba ne, yana sa shi kuka da ɗaukar zafi. Sa wanda aka ƙera domin fankar. Makunni mai agogo yana da kyau. Wanda ke kunna fanka da kansa idan zafi ya ƙaru kuwa haɗari ne, domin zai iya kunna ta tagogi a rufe, abin da za a yi bayani a gaba. A wurare da dama doka tana buƙatar izini ko ma'aikacin lantarki mai lasisi kafin a ja sabon layi.

Kunna ta tagogi a rufe

Fankar da ba ta sami iska ta taga ba za ta nemo ta ko ta ina, har ta bututun hayaƙin hitar gas ko na murhun ɗumama ɗaki. Sai hayaƙin ya juyo cikin gida tare da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari kuma tana kisa. Buɗe tagogi tukuna, kamar santimita 10 zuwa 15 a ɗakunan da kake son su huce, rufe marfin murhu, kashe na'urar sanyaya ɗaki, sannan ka kunna. Sa ƙararrawar kabon monoksaid a gidan. Kada kuma a kunna ta idan waje ya fi ciki zafi. Lokacinta magariba zuwa safiya ne.

Akwai abin da ake mantawa: fankar banɗaki ko bututun injin busar da kaya da aka bari yana hurawa cikin saman silin. Matsin iska zai iya mayar da danshin ƙasa, don haka a kai bakinsu waje.

Bayan ka gama, kunna fankar a mataki mafi ƙarfi, ka riƙe siririyar takarda a bakin ƙofar hawa silin da ramukan fitilu. Idan ta kaɗo ƙasa, mafitar iska ba ta isa ba ko akwai kafar da ba a toshe ba. Sannan ka kai hayaƙin ashana da aka kashe kusa da bakin bututun hitar gas tana aiki: ya kamata bututun ya zuƙe shi sama. Idan ya dawo cikin ɗaki, kashe fankar, ka ƙara buɗe tagogi, ka sake gwadawa.