Yadda ya kamata jam'iyya ta tsara ranar zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa

Abu na farko dai, daga ranar ƙarshe da hukumar zaɓe ta INEC ta yanka za a fara lissafi a ƙirgo baya. A 2022 hukumar ta ba jam'iyyu daga 4 ga Afrilu zuwa 3 ga Yuni su gama firamare, wato zaɓen fidda gwani, sai da aka yi ta roƙo sannan ta ƙara kwana shida. To ni a ganina duk jam'iyyar da ta san ciwon kanta ta bar aƙalla sati uku tsakanin ranar zaɓenta da ranar rufewa, saboda wallahi ba a taɓa gama wannan zaɓe a tashi lafiya lau ba, dole wani ya yi fushi, wani ya nufi kotu, ga kuma neman mataimaki.

Ku duba APC. Ta sa ƙarshen Mayu, ta zo ta ɗaga zuwa 6 zuwa 8 ga Yuni a Eagle Square, Tinubu ya ci da ƙuri'a 1,271 saura kwana ɗaya a rufe, kuma da lokacin miƙa sunan mataimaki ya matso sai aka sa Ibrahim Masari riƙon ƙwarya har zuwa Yuli da aka bayyana Shettima. PDP ta yi nata 28 ga Mayu, Atiku ya samu 371 Wike 237, amma duk da ta riga su ba ta yi amfani da ratar ta sasanta da Wike ba, kowa ya ga yadda ta kaya a 2023. Kenan tun ranar da ake sa ranar zaɓe ya kamata a naɗa kwamitin sulhu, dattawan da 'yan takara ke jin kunyarsu, ba sai gari ya kama wuta a fara haƙa rijiya ba.

Sai takardu. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce a sanar da INEC kwana 21 kafin taron fidda gwani, a kuma miƙa mata rajistar 'yan jam'iyya kwana 30 kafin taron, don haka duk ranakun da doka ta yanka a fara rubuta su kafin ma a buga fom. Daga nan sayar da fom, tantancewa, a bar kwanakin ɗaukaka ƙara, sannan in da deliget za a yi, wato wakilan da ke kaɗa ƙuri'a a taron, sai zaɓensu daga ƙananan hukumomi, kuma sunayen deliget a manna su kowa ya gani tun da wuri, don a nan ne ake yin coge cikin dare.

A duba kalanda kuma don Allah. Azumi, aikin Hajji, Ista, ga damina, mutumin da zai taso daga Gashuwa ko Kalaba zuwa Abuja a mota yana buƙatar kwana biyu da wurin kwana.

In an sa rana kar a taɓa ta. Duk ɗagawa ƙarin kuɗin otal ne da ƙarin kwanakin sayen deliget da dala, sannan 'yan takara su fara zargin ana so a ƙaƙaba musu wani. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna Zamfara, rigima ta hana APC yin firamare na gaskiya cikin wa'adi, suka ci zaɓe, ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unsu kaf, tun daga gwamna har 'yan majalisar jiha aka miƙa wa waɗanda suka zo na biyu.