Yadda Mai Bi Zai Yi Wa 'Yan Gidansu Shaidar Almasihu Ba Tare Da Zumunci Ya Yanke Ba

Kiristoci da yawa a Kano sun fi samun sauƙin yi wa baƙo maganar Yesu a kasuwar Sabon Gari ko a cikin adaidaita sahu, fiye da su buɗe baki a gaban mahaifi ko yaya. Baƙo idan ya ƙi ji, kowa ya kama gabansa, amma ɗan'uwa idan ya juya maka baya, ka rasa mai tsaya maka ranar aure da ranar suna da ranar rasuwa. Wannan tsoro ba abin kunya ba ne. Markus 3:21 ya nuna cewa dangin Yesu sun taɓa fitowa su kama shi domin ana cewa ya zautu, Yohanna 7:5 kuma ya ce 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba, duk da haka Yakubu ɗan'uwansa ya zama jigo a ikilisiyar Urushalima daga baya.

Kafin ka furta komai, ka auna irin gidan da ka fito. Wanda iyayensa Maguzawa ne masu bin al'adar kaka da kakanni, da wanda ƙanensa ya tashi a coci amma ya daina zuwa sujada, da wanda danginsa duka Musulmi ne a cikin birni, ba nauyi ɗaya suke ɗauke da shi ba. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da sauya shi da yaɗa shi, amma duk mazaunin Kano ya san cewa tun da jihar ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma tun kafin nan ma, maganar barin addini ba ƙaramar magana ba ce a cikin iyali. Idan har yanzu a hannun iyayenka kake ci, su ke biya maka kuɗin makaranta, ko kuma kana da dalilin jin cewa za a cutar da kai, to ka fara zama da fasto ko dattijon ikilisiya wanda ya san garin, ku tsara inda za ka dosa idan abin ya ɓaci. Yin haka ba musun Ubangiji ba ne, shi da kansa ya umarci almajiransa su kasance da wayo da kuma rashin ɓarna (Matiyu 10:16).

Aiki na farko, wanda kuma ya fi kowanne tsawo, shi ne ka zama ɗan da gidan ba zai so ya rasa ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ka riƙa zuwa gaisuwa kana durƙusawa kamar yadda ka saba, ka ba da naka kason na cefane, ka kwana a asibiti idan Inna ba ta da lafiya, ka je barka da Sallah, ka zauna zaman makoki har a tashi. Abin da dangi suka fi tsoro shi ne bangaskiyarka ta raba ka da su, ka koma na wasu mutane masu wata rayuwa dabam, saboda haka duk ranar da suka ga ladabinka da riƙon amanarka sun ƙaru, ka rage musu wannan fargaba. Tarihin garin nan ma yana koya mana wani abu. A shekarar 1900 Bishof Tugwell da Dokta Walter Miller sun iso Kano da niyyar wa'azi, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, amma asibitin ido da mishan ta SIM ta buɗe a 1943, wanda yanzu yake hannun ikilisiyar ECWA, har yau Musulmi da Kirista suna bin layi ɗaya a cikinsa. A ganina gidanku ma haka yake, hidimar da aka gani da ido ita ke sa a saurari bakin da ya yi ta.

Idan lokacin magana ya yi, ka fara da mutum ɗaya, kamar yadda Andarawus, almajirin Yesu, ya fara neman ɗan'uwansa Siman ya ba shi labarin Almasihu (Yohanna 1:41). Ka zaɓi wanda kuka fi shaƙuwa, ku keɓe. Kada ka tayar da zancen a taron biki ko a zauren WhatsApp na dangi, domin mutum a gaban jama'a mutuncinsa yake karewa, ba sauraro yake yi ba. Mahaifi kuwa ba a tare shi da irin wannan magana a zaure gaban abokansa. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi, sannan ka ce, "Baba, akwai abin da ke zuciyata da nake so ka ji daga bakina, idan ka ba ni izini." Idan ya ce ba yanzu ba, ka yi godiya ka tashi. Matar aure da mijinta bai ba da gaskiya ba tana da shawara ta musamman a 1 Bitrus 3:1-2, inda aka ce halinta na iya jawo shi ko da ba ta ce uffan ba.

Abin da za ka faɗa bai kamata ya yi tsawo ba. Mutumin da Yesu ya warkar a ƙasar Garasinawa an ce masa ya koma gida ya ba da labarin abin da Ubangiji ya yi masa (Markus 5:19), kai ma naka ke nan: yadda kake a da, yadda ka san gafarar Almasihu ta wurin mutuwarsa da tashinsa, da abin da ya canza a rayuwarka wanda su ma shaidu ne a kansa. Ka yi magana da Hausar gida, ka bar kalmomin Turanci na coci, tun da Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. Za a tambaye ka me ya sa kuke cewa Allah yana da ɗa. Ka amsa a natse cewa Kirista ba ya nufin Allah ya yi aure ko ya haihu irin ta mutane, kuma Yesu da bakinsa ya tabbatar cewa Ubangiji Allah ɗaya ne (Markus 12:29). Tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ka bincika ka dawo, ka kuma dawo ɗin.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Kada ka aibata addininsu, ko Annabin da suke girmamawa, ko littafinsu, ko iyayen da suka rasu a kan wannan tafarki. Yin haka ya saɓa wa tawali'u da girmamawar da 1 Bitrus 3:15-16 ya ɗora mana, kuma a Kano kalma ɗaya irin wannan na iya jefa kai da Kiristocin da ba su ji ba ba su gani ba cikin masifa. Haka nan kada ka haɗa taimakon kuɗi da sharaɗin zuwa coci, kada kuma ka koya wa 'ya'yan yayanka wani abu a bayan idon iyayensu. Idan su ma suka so su yi maka nasiha da nasu addinin, ka saurara har su gama.

Mai yiwuwa bayan duk wannan a yi fushi da kai, a daina amsa gaisuwarka, ko a ce kada ka sake taka gidan. Kada ka rama, kada kuma ka kai ƙarar iyayenka dandalin sada zumunta. Idan akwai barazana ga lafiyarka, ka bar wurin nan take ka sanar da shugabannin ikilisiya, su kuma wajibinsu ne su ba ka masauki da abinci, ba addu'a kawai ba. Idan fushi ne kurum, ka ba shi lokaci ya huce, sannan ka nemi wani kawu ko gwaggo mai sanyin hali ya shiga tsakani, ba don a sasanta bangaskiya ba, sai don a bar ƙofar gaisuwa a buɗe. Kada ka gaji da addu'a: wata Kirista mai suna Monika ta yi shekaru tana yi wa ɗanta Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin ikilisiya, addu'a kafin a yi masa baftisma a birnin Milan a shekarar 387. Ka sami mutum biyu ko uku a zumuntar matasa ko ta mata ta cocinku waɗanda za su riƙa ambaton sunayen 'yan gidanku tare da kai a addu'a, kada ka sauya lambar wayarka, kuma duk rasuwa ko haihuwar da aka yi a dangi ka aika da saƙo da gudummawarka ko da ba a gayyace ka ba.