Yadda ake kafa katako a bangon bulo ya zauna daram

In ka taɓa ganin sandar labule ta zazzago, ka ɗauki katakon ka duba bayansa, yawanci za ka tarar ƙusar tana nan lafiyarta ƙalau, ko lanƙwasa ba ta yi ba, sai dai guntun filasta maƙale a jikinta. Toh wannan guntun shi ne labarin gaba ɗaya. Ƙusar ba ta taɓa kama bulo ba tun farko, filasta kawai ta riƙe, ita kuwa filasta kaurinta bai fi milimita 12 zuwa 15 ba a yawancin gini, ba a yi ta don ɗaukar kaya ba. Don haka kafin maganar wace ƙusa ko wane gam, fara da sanin me ke bayan filastar a daidai inda za ka huda.

Bulo mai rami ba dunƙule ba ne. Fatarsa ta gaba kaurinta kamar milimita 25 zuwa 32 ne, bayanta sai iska, sai wurin da ya cika wato gefe biyu da kuma tsakiya inda aka raba ramukan. Ga kuma layin siminti tsakanin bulo da bulo mai kaurin kamar milimita 10. Sannan a saman ƙofa da taga akwai linta, a wasu kusurwoyi akwai fila, waɗannan kankare ne zalla da rodi a ciki. Kaga kenan bango ɗaya amma abu huɗu ne daban-daban a cikinsa kuma kowanne da irin abin da yake riƙewa. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar sukurudireba kana saurara, inda rami yake za ka ji sautin fanko, inda ya cika sautin a toshe yake. Amma fa in ka ji wani irin sauti kamar ɓawon ƙwai mai faɗi, wannan ba ramin bulo ba ne, filasta ce ta saki bango, kar ka kafa komai a nan sai an fasa an sake ta.

Sai maganar da mutane suka fi tsallakewa, danshi. Siminti sai ya yi kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfinsa, bushewar bangon ma takan wuce haka. In kana shakka yanki leda kamar faɗin tayil ɗaya, ka liƙa ta a bango da salatif ta ko'ina ka bar ta kwana guda, in da safe ka ga gumi a cikinta ko wurin ya yi duhu to bangon bai shirya ba. Shi ma katakon haka, ɗanyen katako in ya bushe tsukewa yake ta faɗinsa ya murɗe, sai ka ga haɗin kwanar da ka yi da kyau ya buɗe baki bayan wata biyu. Ka ajiye shi a ɗakin da za a yi aikin na 'yan kwanaki a kwance, da tsinke tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa. Kuma don Allah ka shafa maganin gara da fenti ko banish a bayansa, fuskar da za ta jingina da bango, ita ce ba mai ƙara ganinta kuma ta nan ruɓewa take farawa. Katakon gindin bango kuwa ka ɗan ɗaga shi daga ƙasa milimita 2 ko 3 saboda ruwan goge ɗaki.

Kafin ka kunna diril dubi soket da makunnin fitila. Waya a cikin bango a miƙe ake jan ta, ko sama ko ƙasa ko gefe daga akwatin, saboda haka duk layin da ya yi daidai da soket ka kauce masa, in dole ne sai nan ɗin to kashe wutar daga babban makunni. Bangon da bayansa banɗaki ne ko kicin ka tuna da fayif.

Yanzu hanyoyin. Ƙusar kankare ita kowa ya fi sani don tana da sauri, kuma ban ce ba ta da amfani ba, siririn katako mara nauyi tana riƙe shi, musamman in da gam a bayansa. Matsalarta ƙarfenta an gasa shi ya yi tauri, ba ta lanƙwasa sai dai ta karye, in ta karye kuma guntun tashi yake kamar harsashi, don haka tabarau dole ne. In za ka yi da ita fara huda katakon da siririn bakin diril don kar ya tsage, ka samu guduma mai ɗan nauyi, ka buga a miƙe, bugu kaɗan masu ƙarfi sun fi ƙananan bugu talatin da suke faɗaɗa ramin. Ta shiga bulon kamar milimita 20 zuwa 25, ban da filasta. In ka ji ta nutse salin-alin ba gardama, ba nasara ba ce, ta faɗa rami ne ko bulon yashi ya yi masa yawa.

Ni dai abin da na fi yarda da shi shi ne fisha da sukuru, fisha ita ce 'yar robar nan da ake turawa a ramin sukuru ya shiga cikinta. Sunan ma daga wanda ya ƙirƙiro ta ne, wani Bajamushe Artur Fischer da ya fito da ta nailan mai haƙora a 1958, kafin shi akwai ta Rawlplug a Ingila da ake yi da zaren algarara, kafin su duka kuma kafintoci feƙe itace suke su tura a ramin. Har yanzu wasu suna wannan na itacen, yana riƙewa na ɗan lokaci amma da itacen ya bushe ya tsuke sai ya fara girgiɗi. Yadda fisha take aiki shi ne sukuru yana shiga tana buɗewa tana tokare jikin ramin, shi ya sa girman rami shi ne komai. Fisha mai lamba 6 bakin diril milimita 6, sukuru mai kauri 4 zuwa 5. Mai lamba 8 baki 8, sukuru 5 zuwa 6. In bulon mai laushi ne ka gwada da bakin da ya gaza da ɗan kaɗan don ramin yana ƙara faɗi da kansa. Fisha mai kyau sai ka ɗan taɓa ta da guduma take shiga, wadda ka tura da yatsa ta zurma ba za ta riƙe komai ba.

Tsawon sukuru kuma lissafi ne mai sauƙi amma nan ake faɗuwa. Kaurin katako, haɗa da kaurin filasta, haɗa da tsawon fishar, ka ƙara milimita 5. Misali katako 20, filasta 15, fisha 40, ka ga 80 kenan. Kuma fishar ka tura ta ta wuce filasta ta zauna a cikin bulo, in ka bar ta daidai da fuskar fenti rabin buɗewarta a filasta zai faru, sai ka ga wurin ya tsattsage kana ɗaurewa.

Hudar kanta akwai dabara. Ɗora katakon a inda zai zauna, sa lebur, ka huda katakon da bakin diril na katako, ka yi alama a bango ta cikin ramukan. Fara kafa sukuru ɗaya a ƙarshe guda, sake duba lebur, sannan sauran, domin bakin diril yana son zamewa in ya ci karo da tsakuwa kuma in ka huda duka lokaci ɗaya sai ka tarar biyu ba su hau ba. Naɗa salatif a jikin bakin a daidai zurfin da kake so, ramin ya fi fisha zurfi da kamar milimita 10. Fara ba tare da hama ba, wato bugun da diril yake yi yana juyawa, har ka wuce filasta, a bulo mai rami kuwa in diril ɗin zai iya ci haka nan to kar ka kunna hamar kwata-kwata, saboda bugun yana ɓalle bayan fatar bulon ta ciki, kai kana ganin rami ƙarami mai kyau a waje alhali fatar da take 30 ta koma 15. Na taɓa yin wannan da wata kanta, na ɗaure komai tsaf na ɗora kaya, sati bai cika ba ta sunkuyo, da na leƙa da tocila sai na ga duk bayan ya zube cikin ramin. Linta da fila su ne suke buƙatar hama, in ka ji bakin ya tsaya yana ƙara ka ci karo da rodi ne, matsa gefe kar ka dage. Ƙurar ramin kuma a fitar da ita, da ɗan buroshi ko famfon iska, ba da baki ba. Ƙurar siminti da yashi tana da silika mai lalata huhu in ana yawan shaƙa, sa takunkumi.

Huda a layin siminti ko a jikin bulo? Kafintoci suna musu a kai. Layin ya fi sauƙin huda kuma in an cire abin gyaransa ba wuya, amma ƙarfinsa ya danganta da yadda magini ya kwaɓa ranar, kuma layin tsaye sau da yawa ba a cika shi sosai. Ni in abu mai nauyi ne jikin bulo nake nema, inda ya cika. Ka kuma nisanci bakin bango da aƙalla santimita 5, kusa da haka fisha tana buɗewa kwanar take ɓallewa.

Akwai sukurun kankare da ba ya buƙatar fisha, shi yake yanka zarensa a jikin bulon, irin su Tapcon masu launin shuɗi. Mai kwata ɗin inci bakin 3/16 ake huda masa, ya shiga aƙalla inci ɗaya. Akwai kuma dogon nan mai milimita 7.5 da ake huda masa 6, wanda ya dace da firam ɗin ƙofa da taga don ba ya tokare bulo ya fasa shi. Aibinsa ɗaya, in ka wuce gona da iri wajen ɗaurewa zaren ya cinye shi kenan, sai dai sabon rami.

Gam na gini, wanda ake matsawa da bindiga, yana da kyau ga katakon ado da na gindin bango. Amma gam abin da ya taɓa kawai yake kamawa, in fentin yana ɓarewa to fenti ka manna wa katako. Kankare wurin, goge ƙura, ja gam ɗin a karkace kamar tafiyar maciji, danna, ka sa 'yan ƙusoshi ko ka tokare da sanda har awa 24. Kar ka rataya kabad da gam kaɗai ko me aka rubuta a jikin robar.

Tazara tsakanin sukuru santimita 40 zuwa 60 ta isa ga katakon gindin bango da makamantansa, na ƙarshe ya bar santimita 5 daga bakin katako. Bango ba ya taɓa miƙewa sak, saboda haka inda ya lotsa kar ka ja katako da ƙarfin sukuru ya bi lotsawar, cusa siririn katako a baya, giɓin saman kuma ka cike da foti. Kwanar waje yankan digiri 45 ake yi amma gwada da guntaye tukuna don da wuya ka samu kwanar da take 90 cif. In tsawo bai kai ba za ka haɗa biyu, yanka su a karkace su hau juna, ko sun tsuke ba za a ga rami ba. Kan sukuru ka nutsar da shi ka rufe da foti ko ɗan toshin katako, ka bi da samfefa.

Firam ɗin ƙofa sukuru uku a kowane gefe shi ne mafi ƙaranci, gefen hinjis ka ƙara, kuma kowane sukuru da abin cusawa a bayansa in ba haka ba firam ɗin zai bankare ƙofa ta ƙi rufuwa. Duba filam, wato ko firam ɗin ya tsaya a miƙe, ta fuska biyu kafin ka ɗaure na ƙarshe.

Kaya masu nauyi kamar kabad ɗin sama ko kanta ta littattafai, abin da ya fi shi ne ka fara kafa katako mai ƙwari a kwance da sukuru da yawa, wasu su faɗa inda bulo ya cika, sannan ka rataya kabad ɗin a jikinsa. In ka tsaga katakon ta tsawo a digiri 45, rabi a bango rabi a bayan kabad, sai su sarƙe da juna, nauyin ma ƙara matse su yake. Inda ba makawa sai a kan rami, nemi ƙugiya mai fukafuki da take buɗewa a bayan fatar bulon, ko gam ɗin kemikal da ake matsawa cikin 'yar raga a tura rodi mai zare, a jira ya daskare kafin a ɗaura noti da wosha. Babban anka mai faɗaɗa na ƙarfe kuwa ka bar shi wa linta da fila, fatar bulo fasa ta yake.

A waje ko wurin ruwa sukurun da ba ya tsatsa za ka sa, musamman in katakon mai maganin nan ne kore, tagullar da ke cikin maganin tana cin ƙarfe na gama-gari.

In kuma rami ya riga ya yi faɗi fisha tana juyawa, kar ka cusa ashana ko takarda. Ko ka ƙara girma daga 6 zuwa 8, ko ka jiƙa ramin ka cika da siminti ka bar shi 'yan kwanaki, ko mafi sauƙi ka matsa gefe santimita 5 ka sake huda, katakon ai zai rufe tsohon.